Zagin Taubashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, a Maruda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta riske ka tun ba ka ɗaure kayanka ba. Allah Ya kiyaye hanyar Kalgo, Ya kiyaye ka a cikinta, Ya raba ka da sharrin mutum da sharrin ƙarfe. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka, ka ce ina nan Fatakwal, albasa tana fita, ƙafa tana ciwo, iyakar labarina ke nan. Ba zan tambaye ka lafiya ba. Na san amsar, kuma amsar ce ta zaunar da ni rubutu raina a ɓace.

"Lahiya lau, Baba." Tun ranar da babur ya kayar da ku a hanyar Gwandu, Allah Ya ɗauki abokinka Aminu da ka goyo, Ya bar ka da ɗingishi, abin da kake gaya mini ke nan duk sanda na kira. Na kira baffanka, lahiya lau. Na kira liman, lahiya lau, sai haƙuri. Gari guda kun haɗa baki kuna yi mini lahiya lau, har sai da mahaifiyarka ta kasa daurewa ta fashe da kuka a waya. Ta ce ko ƙofar gida ba ka fita. Ta ce tuwo yana yini a bakin ɗakinka har kaji su yi ta kansa. Ta ce ta ji ka da kunnenta kana cewa da ma kai aka ɗauka aka bar Aminu. Sannan ta ce ka sami aiki a wani shagon walda a Kalgo, na yi murna, sai ta ƙara da cewa ka rantse ba za ka sauka gidan Goggonka ba, ka kama ɗaki can bayan gari inda ba wanda ya san ka. Dalili? Wai Haruna ɗanta yana gidan, kuma Haruna ya zage ka.

Sanusi. Ga shi na rubuta sunanka, hannuna bai karye ba. Kai ne ɗan farina, ka kuma san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi, ba ya nuna ya san da shi. Na riƙe wannan al'ada har ina taƙama da ita. Kana rarrafe ka kama ƙafata a zaure, na janye, maza suka ce Umaru akwai kunya, kaina ya kumbura. Yau ina gaya maka rabinta ne kunya, rabin lalaci ne. Ya fi sauƙi a ce "yaron nan" a kau da kai da a zauna a tambayi yaro abin da ke cin ransa. Da ni ka koyi haɗiye magana, shi ya sa fushina da kai bai kai fushina da kaina ba. Kunya riga ce, ana sa ta don a fita cikin mutane. In ta kai ga hana mutum ya ce "ba ni da lafiya", ta zama likkafani, sai a tuɓe ta.

Yanzu maganar Haruna. Mahaifiyarka ta ba ni ita yadda ta faru. Ya taso tun daga Kalgo, ya wuce zaure, ya ɗaga labulenka ba sallama, ya ce, "Gurgu, hito ka sha iska. Ko so kake ka yi tsiro kamar albasar bara?" Kai kuma ka jefe shi da kwano, ya fita dafe da goshi. Ba zan ce maganar ta yi daɗi ba. Haruna bakinsa ba linzami, haka uwarsa take tun muna yara, ni na sha nata kafin ka sha nasa. In ka ce ta yi maka zafi, gaskiyarka. Amma ka tsaya ka tuna mutanen da suka zo duba ka. Sun tsaya a zaure sun ce sannu, Allah Ya ƙara sauƙi, sun shafa fatiha, sun sa takalmansu. Wa ya ɗaga labule? Wa ya ga idonka? A duk dangin nan mutum ɗaya ne al'ada ta ba izinin ya shigo maka ba sallama ya faɗi abin da kowa ke gani yana tsoron faɗa, shi ne taubashinka, ɗan ƙanwar ubanka. Kakanninmu ba wawaye ba ne. Sun san sun ɗaure bakin uba da kunya, sun ɗaure na uwa, sun ɗaure na suruki, shi ya sa suka bar baki ɗaya a kwance. Shi ne ka fasa wa goshi.

Ni ma ina da nawa. Ba ka san shi sosai ba, kana ƙarami lokacin. Dikko, ɗan kawuna na Wurogauri. Shekarar da ciwo ya shiga garke ya kashe mini shanun huɗa, ana gab da shuka, na shige ɗaki kamar yadda ka shige. Za ka ce me ya haɗa mutuwar sa da mutuwar mutum. Ban haɗa su ba, naka ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba. Amma ɗakin iri ɗaya ne. Na daina fitar da akushina wurin ciyayya, inda magidantan unguwa ke haɗa tuwonsu a ƙofar gida a ci tare, don ina ganin kowa kallona yake yana cewa ga wanda garmarsa ta zama kayan ado. In na ji dariya a waje, ni ake yi wa. In na ji shiru, ni ake gulma.

Ran nan da hantsi sai ga Dikko ya faɗo mini ɗaki, hularsa a karkace, yana ta haki.

Ya ce, "Umaru, an ce shanu sun mutu. Na taho in gani ko jakin ya tsira."

Na ce, "Fita."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ya tsira, har yana haniniya. Tashi in ɗaura maka garma."

Na miƙe na shaƙe shi da wuyan riga. Na ce masa daga yau ba ni ba shi, ba wasa tsakaninmu, in na mutu kada ya zo jana'izata. Ya dube ni, dariyar ta bushe a fuskarsa, ya gyara rigarsa ya fita. Ban bi shi ko zaure ba. Sai da rana ta yi sanyi mahaifiyarka ta gaya mini abin da ke ƙofar gida lokacin da nake shaƙe da shi: shanunsa ne na huɗa, ya koro su da ƙafa tun daga Wurogauri, ya bar tasa gonar ba huɗa, don ya fara yi mini tawa. Da na kore shi, ya kora abinsa ya koma. Ya san in ya ce "ga taimako na kawo maka" girman kaina ba zai karɓa ba. Sai ya naɗe taimakon cikin zagi, yadda ake naɗe magani mai ɗaci cikin tuwo. Ni kuwa na tsaya kan zagin, ban fita na ga abin da ke ɗaure a waje ba.

Ban san abin da Haruna ya ɗauro maka ba ranar da ya zo. Kai ma ba ka sani ba, don ba ka fita ka duba ba.

Da na ji maganar shanun, ka san abin da na yi? Ban je Wurogauri ba. Kunya ta hana, wai. Na bar gonar ta yi ciyawa, na hau motar albasa na gangaro Kurmi, ina cewa zan je inda ba wanda ya san ni. Ka ji maganar? Taka ce sak, har da wurin ajiye numfashi. Ina nan Dikko ya kwanta ciwo, ina nan ya rasu, a waya aka gaya mini ina tsakiyar auna wa wata mata albasa, na ce inna lillahi, na ƙarasa awon. Ni na ce kada ya zo jana'izata, sai ga shi ni ne ban je tasa ba. In ka yi faɗa da mutum, kada ka sa wa faɗan rantsuwa. Rantsuwa tana kulle ƙofa ta jefa makulli a rijiya, kai kuma ba ka san wanda zai riga wani ba.

Bari in ba ka labarin inda ba wanda ya san ka, tunda ni na je na gani. Da farko daɗi gare shi. Ba mai kallonka, ba mai tambayarka. Ka ci in ka so, ka bari in ka so. Daga baya sai ka lura ka yini ba ka yi magana da kowa ba sai "nawa" da "ba ragi". Sai barci ya ƙaurace. Sai ƙirji ya riƙa yi maka nauyi kamar an ɗora buhu. Sai maganar da kake yi da kanka ta fara amsa maka, kuma ba ta taɓa amsawa da alheri: kai ne ka jawo, kai ba ka da amfani, da babu kai da sun huta. A gida in irin wannan tunani ya taso, kafin ya yi tsawo wani ya yi sallama, ko yaro ya ɓarar da fura, ko a kira ka ɗaukar gawa, ya katse. A ɗakin da ba mai shigowa ba abin da ke katse shi. Na yi ta zuwa kemis ina sayen maganin ciwon kai da na ƙirji, mai kemis yana karɓa yana ba ni, shi ina ruwansa. Kasuwa kuwa kowa cewa yake Malam Umaru mutumin kirki, ba ruwansa da kowa. Sana'ata ta koya mini wannan: albasar da aka tara ba iska daga ciki take ruɓewa, ɓawonta yana ta ƙyalli. Sai ka matsa ta ruwa ya fito.

Wanda ya matsa ni wani Babarbare ne mai sayar da bandar kifi, rumfarsa tana kallon tawa. Modu sunansa. Ban san shi ba, ban neme shi ba. Ya ji wani direba ya ce ni mutumin Gwandu ne, jinin Fulani, ka kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Sai kawai ya tsallako ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Ashe bawana ne a nan ban sani ba! Fulata, wa ya kwance ka daga turke?"

Na yi banza da shi. Washegari ya dawo. "Bawana, ba ka gaida ubangijinka ba yau." Na ce ya rabu da ni. Ya ce, "Ina aka taɓa rabuwa da dukiya?" Ya ja buhun albasata ya zauna a kai, ya buɗe kwanon abincinsa, ya ce in sa hannu kafin ya sayar da ni ga Inyamurai. Haka ya yi ta yi mini kullum, kamar ƙuda. Wata rana haushi ya cika ni na ce, "Kai da fuskarka kamar an yi huɗa an manta shuka, kai ne za ka mallaki Bafillace?" Ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi cikin kifi, ya ce, "Yauwa! Ashe da rai." Sai na ji wani abu yana fita daga maƙogwarona, na ɗauka tari ne. Dariya ce. Na manta yadda take.

Shi ne mutumin da ya dube ni wata rana, ba wasa a fuskarsa, ya ce, "Umaru, kai ba ka da lafiya, kuma ba ƙirji ba ne." Ya rufe rumfarsa ranar da kasuwa ke ci, ya sa ni gaba har asibiti, yana gaya wa ma'aikatan wai ya kawo bawansa gyara. Likita ya zaunar da ni ya yi ta tambaya, ya ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, kuma rabin maganin mutane ne. Ban warke rana ɗaya ba, har yau akwai ranakun da abin ke leƙowa. Amma in ya leƙo, akwai mai zagina a tsallaken hanya. Ka dubi abin takaici: abin da Dikko ya kawo mini har ɗaki na kore shi, shi na zo na tsinta a hannun baƙo, bayan na yi asarar shekarun da ya kamata in ga girmanku.

Kada ka ɗauka kai kaɗai nake jin haushi. Ina jin haushin mazan unguwarmu, kuma ka karanta musu wannan wurin in ka ga dama. Yaro ya daina fitowa ciyayya, kuna zaune kuna miƙa hannu cikin akushi, ba wanda ya ce ina wane? A da in akushin mutum bai fito ba, kafin a wanke hannu an aika a gani. Yanzu kowa ya sunkuyar da kai kan waya yana yi wa mutanen da bai taɓa gani ba ta'aziyya, maƙwabcinsa yana narkewa a bayan katanga. Ina jin haushin masu "sai haƙuri". Haƙuri gaskiya ne, Allah Ya yi umarni da shi, amma a bakin wasu ba haƙuri ba ne, hanyar sallama ce, ma'anarta kada ka ƙara gaya mini, ina da wurin zuwa. Ina jin haushin wadda ta ce wa mahaifiyarka wai inuwar Aminu ce ke binka, a nemo hayaƙi. Ba inuwa ba ce. Baƙin ciki ne da ganin laifin kai, kuma hayaƙi ba ya korar su. Amma in yi musu adalci: sun zo, sun yi addu'a, wasu sun kai ka asibiti ranar da abin ya faru, ni da na haife ka ban zo ba, na aiko da gaisuwa ta waya na koma kan buhuna. Ba ni da bakin zagin kowa. Ina zagin ne duk da haka, don wani ya yi.

Maganar Aminu kuwa, ba zan ce maka ka manta ba, ƙarya ne, ba a mantawa. Ba kuma zan ce ba ka da hannu ko kaɗan ba, ban ga yadda abin ya faru ba, kai ka gani. Abin da na sani shi ne ba ka tashi da safe da niyyar kashe abokinka ba, kuma rai ba a hannunka yake ba balle ka yi musaya da naka. Wannan magana ta "da ma ni aka ɗauka", na ji ta, ban kuma ɗauke ta wasa ba, don na taɓa yin irinta. Duk ranar da ta dawo maka, kada ka zauna da ita kai kaɗai ko na ɗan lokaci. Ka tashi ka fita, ka sami mutum, ka faɗa masa da baki yadda take. Ka kira ni, ko ina tsakiyar ciniki zan ajiye mudu. Kuma ka je asibiti ka ce a haɗa ka da likitan da ke duba damuwa. Ka yi addu'a, ka sha magani, ba su taɓa faɗa da juna ba. Wanda ya ce maka zuwa can hauka ne, ka ce masa ubanka ya je, ya zo ya same ni.

Ka kuma je ka gaida mahaifiyar Aminu kafin ka bar Maruda. An ce tun ranar ba ka taka gidan ba, kana tsoron idonta. An kuma ce ita tana tambaya, wai ko ka yi fushi da su ne. Ka ga irin ɓarnar da shiru ke yi? Kana can kana tsammanin ta tsane ka, tana can tana tsammanin ka guje ta, ku biyu kuna kukan mutum ɗaya, katanga a tsakaninku. Ba sai ka shirya magana ba. Ka durƙusa ka gaishe ta, sauran zai zo da kansa.

Kalgo ba Fatakwal ba ce, na sani. Jifa ce daga gida. Amma kada nisan ya ruɗe ka, mutum yana iya ɓacewa a bayan ɗakin uwarsa, kai shaida ne. In ka je, ka ci abinci da mutanen shagonku ko ba ka jin yunwa. In an yi rasuwa a unguwar ka bi gawa ko ba ka san mamacin ba, in an yi suna ka je ka karɓi goro. Ka tsaya sahu ɗaya a masallaci ɗaya, har ya zama ranar da ba ka zo ba gurbinka zai nuna. Ba don suna da daɗin zama ba. Mutane suna da gajiyarwa, suna da gulma, suna da tambayar da ba ta shafe su ba, ni na fi kowa sani. Amma mai gulmarka ya san kana raye, kuma ranar da bai gan ka ba shi zai fara cewa ina wane.

So nake ka sauka gidan Goggonka. Wannan shi ne abin da nake so, na faɗa a fili. Amma kai ba yaro ba ne, ni kuma uban da ya yi nisa ba ya umarni, roƙo yake yi, ko da da faɗa ne. In ka kafe sai ɗakin bayan gari, to abu ɗaya za ka yi mini, kuma a kansa ba na karɓar lahiya lau. Kwaɗon da za ka saya wa ƙofar, da makulli fiye da ɗaya yake zuwa. Ka cire ɗaya ka kai wa Haruna hannu da hannu. Ba sai ka ba shi haƙuri ba, taubashi ba a ba shi haƙuri, ka ce masa ga shi, mai ƙaton goshi, in ka ga dama ka zo ka yi mini shara. Zai rama, ka bar shi ya rama. Ni daga nan ba zan iya ɓalle ƙofa ba in ka yi shiru a bayanta, mahaifiyarka ma ba za ta iya daga Maruda ba. Ina so in san akwai mutum ɗaya a Kalgo da zai buɗe ta ba sallama. Zan kira Haruna ranar Juma'a bayan an sauko, tambaya ɗaya zan yi masa, ko makulli yana aljihunsa. In ya ce a'a, zan bar wa Modu rumfa in hau motar da ta sauke albasa, in zo in zauna a bakin ƙofar taka ina kiran sunanka da ƙarfi har unguwar ta san shi, kunya kuwa ta kashe wanda za ta kashe.

Allah Ya jiƙan Aminu, Ya jiƙan Dikko, Ya yafe mini abin da na yi masa. Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya ƙarfafa ƙafarka, Ya tsare idonka daga wutar walda, Ya sa ka cikin mutanen da za su dame ka. Ya kai ka lafiya, Ya kwanar da kai lafiya, lafiyar gaske. Ka gaida Goggonka, ka ce mata har yanzu ban yafe mata cizon da ta yi mini a kunne ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Umaru, daga Fatakwal.